Amalanke Mai Inji

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da babur mai ƙafa uku ya zubar da ni a ƙofar gidanmu a Kebbe ba. Ku lura fa, mai ƙafa uku na ce, abin da ko jingina ba ya buƙata. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, amma wallahi abin da na gani bayan faɗuwar ya fi faɗuwar tsaya min a rai.

Ni malamin gona ne, a Tambuwal nake aiki, kuma shekarata goma sha takwas a bisa babur. Daga Jabo zuwa Sanyinna babu rairayin da ban keta ba, babu kwazazzabon da ban tsallake da buhun taki a baya ba. Ban taɓa faɗuwa ba (to, sau ɗaya, amma akuya ce ta ja, kuma babu shaida). Saboda haka in ana hirar tuƙi a ofis, ni ake bar wa maganar ƙarshe, in ba a bar min ba in ƙwata.

Mahaifina kuwa ko sitiyarin babur bai taɓa riƙewa ba. Shekara talatin ya yi yana kora amalanken shanu, yana dakon gero da taki da tubali a Kebbe da kewaye. Sai ciwon suga ya kama shi, ƙaya ta soke shi a gona, mikin ya ƙi warkewa, har aka yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Ya fara koyon tafiya da sanduna, rannan ya zame a ƙofar masallaci mutane suka ɗaga shi. Shi ke nan. Daga ranar bai sake wuce zaure ba, wata goma sha ɗaya cur. Mutumin da ake jin muryarsa tun daga bakin kasuwa ya koma sai ka yi magana uku ya amsa ɗaya. Inna ta kira ni a waya tana kuka, ta ce, "Ubanka na ƙarewa zaune, ko gonatai bai gani ba bana." Na tsorata ƙwarai.

A haka na ji labarin wani Malam Sahabi, mai gyaran rediyo a Tambuwal, wanda shan inna ya shanye wa ƙafafu tun yana yaro. Ya samu sabon babur, zai sayar da tsohon. Irin ƙaramin nan ne da ba shi da kuloci, mai walda ya cire tayar baya ya ƙera masa gindi mai taya biyu, ya mayar da giya da birkin baya hannu, kowanne da sandar ƙarfensa. Fenti ya koɗe, kujera an ɗinke ta da zaren buhu, amma injin lafiya lau.

Kafin mu daidaita Malam Sahabi ya ce bari ya nuna min. Ya ja jiki ya ɗare, ya shiga filin da ke bayan shagonsa, wanda ruwan damina ya farfashe. Jama'a, na ga tuƙi! Ya bi tsakanin ramuka bai taɓa ko ɗaya ba, ya juya a wurin da ni da mai ƙafa biyu sai na sa ƙafa, ya dawo ya tsaya daidai inda ya tashi, a kan sawunsa. Na saki baki ina kallo. Amma maimakon in ce mutumin nan gwani ne, sai zuciyata ta ce min ai babur ɗin ne mai sauƙi.

Ya dube ni ya ce, "Malam, ka taɓa hawan babur?"

Na gyara hula na ce, "Shekara goma sha takwas."

"Kash!" in ji shi. "Da ma kac ce ba ka taɓa ba. Wanda bai iya ba, yini guda ya ishe shi. Ku da kunka iya, sai an kankare muku ilimin tukuna. Taho gobe in koya maka."

Na yi 'yar dariyar nan ta manya, na ce kada ya damu. Ni, a koya min? Na sa aka ɗora babur a bayan a-kori-kura muka nufi Kebbe, ko ɗana shi ban yi ba. Girman kai rawanin tsiya.

Mun isa bayan la'asar. Kaka ce, dammunan gero jibge a ƙofar kowane gida. Da ƙyar na lallaɓi Baba ya yarda aka fito masa da kujera bakin zaure. Abokansa na majalisa suka taru, har da amininsa Baba Bawa, tsohon mahauci wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Mata suna leƙe ta saman katanga. Baba ya dubi babur ɗin sau ɗaya ya kau da kai.

"Mai da abinka," ya ce. "Faɗuwa guda ta ishe ni gaban mutane."

Nan na ga dama ta samu. Na tsaya a tsakiyar fili cikin farar shaddata (sabuwa, don na san za a taru), na yi jawabi kamar ina koya wa manoma feshi. Na ce, "Baba, wannan ba ya faɗuwa. Ko mutum ya so ya faɗi ba zai iya ba. Ku zuba ido."

Na hau, na tayar, na ja sandar giya. Tafiyar farko a miƙe ta yi kyau, har na ɗaga wa Baba Bawa hannu. A ƙarshen filin akwai rumbun maƙwabcinmu, kusa da shi kuma ramin da yake kwaɓa ƙasar gini, ya jiƙa ta tun safe da ruwa da ciyawa. Sai in karya hagu kafin in kai can. Na yi abin da jikina ya saba yi shekara goma sha takwas: na kwantar da jiki hagu, ina jiran babur ya bi ni.

Bai bi ni ba. Ni na kwanta hagu, shi ya miƙe sak.

Na ƙara kwantawa, har kafaɗata na neman ƙasa. Ko a jikinsa. Ƙafata ta dama ta shiga laluben birki, ta taka iska, ta sake takawa, babu komai a wurin, birkin yana nan kusa da hannuna yana kallona. Da na ga rami na matsowa sai na sa ƙafa ƙasa in tsaya, na manta akwai taya a bayan ƙafar. Ta cafke takalmina ta tuɓe min shi. Tayar dama kuma ta hau tudun ƙasar da aka tara a bakin ramin, gindin babur ya ɗaga, ni da na riga na karkace sai na tafi gaba ɗaya. Tsulum!

Da na ɗago kai, laka har cikin kunne, abin da na fara gani shi ne babur ɗin. Ya sauko daga tudun ya tsaya cak a kan ƙafafunsa uku, inji na kaɗawa a hankali, ko ƙwarzane babu.

Baba Bawa ya ce, "To, gaskiya yaf faɗi. Babur dai bai faɗi ba."

Aka fashe da dariya, har matan bayan katanga. Ni kuwa ba dariyar ce ta dame ni ba. Na zo in cire wa Baba tsoron faɗuwa a gaban mutane, ga shi na nuna masa yadda ake yin ta da kyau. Na ce a raina shi ke nan, na rufe masa ƙofar da hannuna. Na kasa ko duban inda yake, hawaye na neman zubo min cikin lakar.

Sai na ji muryarsa: "Bawa, miƙo min sandunana."

Baba ya tashi, ya tako a hankali har inda babur yake, tafiyar da bai yi irinta ba wata goma sha ɗaya. Bai ko dube ni ba. Ya zagaya babur ɗin ta baya, ya aza sanda guda a kan tayoyin biyu ya auna faɗinsu, ya riƙe wurin da yatsa. Ya girgiza gindin ya ji ƙarfin waldar. Sannan ya ce, "Wanga ai amalanke ta, inji ɗai anka sa mata. Kai, ina igiyar tsayawa?"

Daga cikin rami na nuna masa birki. Ya tambayi ta tafiya, na nuna masa giya da totur.

"Amalanke ba ta kwanciya," ya ce. "Kai kaka juya mata, ka zamna daidai. Kuma mai amalanke baya yaka tuƙi, ba gaba ba. Gaba na bin kanta. Kai ko ka manta kana da baya."

Ya ba Baba Bawa sandunan, ya dafa kujera ya hau, ya yi bisimilla. Babur ya ɗan zabura, amma Baba ya sassauta hannu ya kama shi. Ya tafi a hankali, tafiyar shanu, bayansa a miƙe. Da ya zo kwana sai ya buɗe ta da faɗi, yana waiwayen tayar ciki ta gefen ido, har yana yi wa injin 'yar tsawar nan da yake yi wa bijimansa. Ya zagaya fili sau biyu. A na uku ya nufi ɗan lungun da ke tsakanin rumbu da katanga, wurin da ni ko a mafarki ba zan shigar da abin nan ba. Kafin in buɗe baki in hana shi, har ya shige. Ya ratsa ya fito ta ɗaya gefen, tsakanin taya da katanga bai fi yatsa biyu ba.

Allahu Akbar! Ina tsaye cikin laka da takalmi ɗaya, ina kallon tsohon da na zo koya wa tuƙi, sai a lokacin na gane ban taɓa sanin aikin da ya ciyar da ni ba. Shekara talatin yana shigar da kaya ta irin lungunan nan, ni ina ganin ai shanu ne ke yi. Baba Bawa da ba ya rasa magana sai "Ikon Allah, ikon Allah" yake ta maimaitawa. Inna ta fito har bakin zaure ta rufe baki da mayafi.

Baba ya tsaya a gabana, fuskarsa ta washe. "Hau baya, mu tai gona kahin magariba. Kuma kada ka kwanta min."

Haka muka ratsa gari, shi a gaba yana amsa gaisuwa da muryarsa ta da, ni a baya kamar buhun da ya faɗa kududdufi. Duk wanda ya ce "Barka da fitowa, Malam!" sai ya ƙara da "Shi wannan lafiya?" A gona bai sauka ba. Ya sa na miƙo masa zangarniya guda, ya murza ta a tafin hannu, ya hura, ya daɗe yana kallon tsabar. Na juya baya don kada ya ga idona.

Da na koma Tambuwal na je shagon Malam Sahabi, na gaishe shi da ladabi. Bai ɗago daga rediyon da yake gyara ba, ya ce, "Hagu ko dama?"

Na ce, "Hagu."

Ya ce, "Duk hagu kuka faɗuwa. Zamna."

Yanzu na iya, daidai gwargwado, amma Baba bai yarda ba. In na je gida har yau baya nake hawa. Inna kuma ta sake kirana kwanan nan da sabon ƙorafi: wai tun safe in ya fita ba a ganinsa sai an aika nema, tuwonsa kullum sai ya huce. Na ce ta yi haƙuri, ta riƙa rufe masa da kyau. Ni dai tun daga ranar, in wanda ya san abu ya ce min "taho gobe in koya maka", tun da sassafe nake zuwa, kuma ba na sa farar shadda.