Haƙorin da Na Sa Aka Cire

Bayan rasuwar ɗana na fari, ciwon kai ya sa ni gaba, daga gindin kunne har tsakar ka. Tsoro nike in mutu in bar ƙanwarsa a goye. Ni da kaina na yanke hukunci: haƙorin matauni ne ya ruɓe. Aka kira wanzami daga Ƙofar Dundaye.

"Haƙorin ga lafiya lau shike," in ji shi.

"Bakinka ko nawa? Cire."

Ya cire, ya bar ni da giɓi. Ciwo bai ragu ba.

Inna, uwar mijina, ta gasa mini muƙamuƙi da tsumma mai ɗumi. "Ɗiyata, kunyar ɗan fari ta sa kike cije haƙora kada ki yi kuka. Saki bakin ga."

Na yi kuka har la'asar, kai ya lafa.

Har yau, duk wadda kanta ya sara a gidanmu sai ta ce, "Kada Mai Giɓi ta ji, ta kira muna wanzami."