Mai Nuna wa Yisti Alƙibla

Wani ne a Omdurman, jikan mahajjatan da suka taka ƙasa daga Haɗejiya suka yada zango a nan. Shekara biyu yana zaman kashe wando, har matarsa Sittana ta fara yi masa kallon tsohuwar kujera. Da ƙyar aka samar masa aikin shara a wani ɗakin bincike a Khartoum, aka ce gwaji ne na mako guda. In ya yi kuskure ɗaya, sai gida.

Shugabar ɗakin, Dakta Ni'mat, ba ta da aiki sai leƙen yisti a madubin ƙara girma. Gogan naka ya kasa haƙuri.

"Ya Dakta, wannan ba hamirar da ake zuba wa ƙullun zalabiya, fanken nan namu, don ya kumbura ba ce?"

"Ita ce. Zo ka gani."

Ya leƙa, ya ga 'yan ƙwayoyi kamar gero, kowace da ɗan ƙullutu a gefe.

Ta ce, "Ƙwayar nan ba ta da gaba, ba ta da baya. Sai wasu sinadarai su taru a wuri ɗaya, su yi ta jawo 'yan'uwansu, har wurin ya rinjayi sauran. Ta nan 'yarta za ta tsiro. Yadda take zaɓen wurin nake nema, shekara bakwai ke nan."

Ya sake leƙawa. Wannan ta tsiro kudu, waccan yamma. Wallahi tausayi ya kama shi.

"Duk yawan nan nasu, ba wanda ya taɓa nuna musu alƙibla?"

Dakta ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake.

Ran Alhamis ta kafa na'urar da ke ɗaukar hoto da kanta duk minti biyar, ta ce, "Ya zol, bawan Allah, ka share ko'ina, amma kada ka taɓa farantin yistin nan." Ta tafi.

Ya yi shara, zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ai taimako ba taɓawa ba ne. Ya zaɓi wata babba, ya juya faranti har ƙullutunta ya dubi alƙibla.

"Yawwa, ke ce liman."

Sai ya ga ta bayanta ta ba da baya. Ya juya domin ita, liman ta bauɗe. Ya juya, ya sake juyawa, gumi na zuba, har la'asar. Ran Juma'a da ba aiki ma ya tsallako gadar da ke tsakanin Omdurman da Khartoum ya ci gaba.

Da Dakta ta wanke hotuna, sai ta kwala ihu. Ƙullutu yana zagaye ƙwaya kamar mai ɗawafi! Ta kira manyan malamai, suka cika ɗaki, wani har ya fara maganar tafiya taro a Turai. Gogan ya ga abin alheri zai wuce shi, ya jingine tsintsiya.

"Ba don in yabi kaina ba, ni ne nan. Kwana biyu ina juya su."

Dakta ta dafe kai.

"Shirin wata shida ka ɓata mini! Halas, shi ke nan, fita, kada in sake ganinka!"

Ya ɗauki hularsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Na fita. Amma ni kwana biyu kawai na yi, na haɗa musu sahu. Ke shekara bakwai kina kallon bayin Allah suna bauɗewa, ko uffan ba ki ce ba, kuma wai ke ce Dakta!"