Baƙuwa a Gidanta

"...lafiya lau, tsohuwa. Ya ƙashin baya?"

"Ya fi hancinka miƙewa. Zauna, mugun miji."

Wasim ya zauna yana danne dariya. Aikinsa ke nan a wani asibiti a birnin Safakis na ƙasar Tunisiya, tsara wa ɗaruruwan kwamfutoci doka: wa zai wuce gaba a layin intanet, wa zai jira. Da yake mai hali ba ya fasa halinsa, gidan kakarsa Jannat mai hawa uku ma sai da ya kafa masa doka. Yau kuwa ƙanwarsa Sirin ta haihu a Faransa, Kaka ta yi mata kiran bidiyo sau ba adadi, hoto sai ya daskare. Jaririn ko yatsarsa ba ta gani ba.

"Ka yi wa wayata asiri."

"Ta ga fuskarki ne ta suma."

"Fuskar da kakanka ya sayar da itatuwan zaitun arba'in don ita?"

"An cuce shi. Kawo in gani." Yana dubawa ya ƙyalƙyale. "Sabuwar waya ce! Dokata ta ce duk na'urar da ba ta sani ba baƙuwa ce, sai kowa ya ƙoshi a ba ta ragowa."

Kaka ta dafe ƙirji. "Baƙuwa? A gidan da na wanke maka kashi?"

"Ba ni ba ne, doka ce. Sau ɗaya nake rubuta ta, na'urori su bi."

"Wa ya rubuta?"

"Ni."

"Ɓarawo da sallama! To wa ke sahun gaba?"

Ya sosa ƙeya. "Taron ofis ɗina."

"Na ƙarshe fa?"

"Ke da firij, shi ma yana kan intanet."

"Firij! Tsohuwar zuma da ita ake magani, yaro. Sauko daga sahun gaba."

"In shugabana ya kira fa?"

"Ka ce matarka ta hana."

Nan dariyar ta ɗan tsaya masa, tausayi ya kama shi. Ya buɗe kwamfutarsa ya sauya layi ɗaya.

Sai ga Sirin tar a fuskar wayar, da ɗan mutum ja-wur a ƙirji yana hamma. Kaka ta sumbaci gilashin, hawaye na zuba, tana ta masha Allah.

Can ta share ido, ta turo wa Wasim farantin makrud, irin cincin ɗin ƙasarsu, dabinon ciki na naso.

"Ci, na sallama. Amma ka sani na sake ka. Na yi sabon ango."