Ƙasar da Na Lasa

Ku matso, jikoki, ku ara mini kunne. Mai tauna ya haɗiye, mai dariya ya adana ta, gaba za ta yi mishi amfani.

Ba za ni taɓa mantawa ba da shekarar da munka baro ƙauyenmu, can bayan Tsamaye, munka dawo Sabon Birni. Kun san abin da ya koro mu, ba sai na faɗa ba. Mun zo da rai da irin gero cikin buhu, gona kuwa ba ta shiga buhu.

A ƙauye ni ce ake kira in za a sari sabuwar gona. In dumbuzi ƙasa, in murza, in sunsuna, in ɗora bisa harshe. In ce wagga jigawa ce, a ba ta gero da wake. Waccan laka ce, dawa take so. Wagga ta fadama ce, a jira rani a dasa albasa. (Gaskiyar da ban taɓa faɗi ba: gonakin nan duka da ƙafata na san su tun ina budurwa. Lasar ado ce, don a ce tsohuwa tana da asiri.)

Wani dattijo ya ji tausayinmu, ya ce yana da fili biyu hanyar Gangara, zai ba da aro. Ɗana Garba shi fara zaɓe, wanda ya rage na ɗan Hajo ne. Hajo taubashiyata ce, tare munka yi gudun, kuma tun muna yara bakinta bai taɓa raga mini ba. Abincinmu na shekara yana kan zaɓen nan, don irin buhu guda ne.

Garba ya ce, "Inna, ki hau babur mu tai ki gani."

Na ce, "Ni? A jijjiga ni bisa babur saboda ƙasa? Ɗebo ta ta zo ta gaishe ni."

Ya ɗebo cikin ƙorai biyu. Na sa aka shimfiɗa tabarma tsakar gida, na bari sai da mata sunka taru (me ke amfanin asiri in babu 'yan kallo?). Ta fari rairayi ce fara sol. Na lasa, salam, na tofar. Ta biyu baƙa, mai laushi, da wani ƙamshi mai hawa kai. Na lasa na ji gishiri-gishiri da ɗan ɗaci a ƙarshe. Na lumshe ido, na ƙara lasa, na yi hamdala.

Na ce, "Wagga ƙasa da ƙarfi take. Ko tsinke ka dasa sai ya yi zangarniya."

Garba ya sosa ƙeya. "Inna, ni dai ban ga ko ƙarangiya ba a wurin."

"Dabbobi sun cinye. Kai da aka haifa jiya, za ka koya wa harshena aiki?"

Yana da furfura a gemu sa'ad da na faɗi haka. Ya tai ya gaya wa dattijon baƙar munka ɗauka.

Ruwan fari ya sauka. Da safe na ce ni za ni jefa ƙwayar farko don albarka, na aika a kira Hajo ta zo ta ga gonar da ta kuɓuce wa ɗanta. Babur ɗin da na ƙi, shi na hau. Munka wuce farin rairayin, ya sha ruwa ya yi luf, ɗan Hajo har ya shuka layi ukku. Munka isa namu. Ruwan bai shiga ba, ya gangare ya bar wurin yana ƙyalli kamar bayan faranti.

Na karɓi sungumi, na yi bisimilla da ƙarfi don kowa ya ji, na sara. Ƙwal! Sungumin ya yi tsalle, ya tashi da ni, na zauna daɓas cikin caɓi. Baƙar ƙasar ba ta kai kaurin yatsa ba. Ƙarƙashinta faƙo ne, irin wanda ko gara ke yi wa sallama ta wuce.

Wata Bafillatana mai tallan nono ta tsaya, ƙwarya bisa kai. Ta ce, "Sannu, Inna. Nan za ku shuka? Ai makwancin shanunmu ne da rani. Nan muke zuba musu kanwa, nan suke fitsari."

Hajo ta dafe ƙirji. "Taubashiya! Ashe fitsarin bijimi kika lasa har sau biyu, kina hamdala?"

Na ce, "Hajo, ji tsoron Allah."

"Ni ko ke? Da kin faɗa mini marmarinshi kike, ai da na taro miki a ƙoƙo, ba sai an yi asarar gona ba!"

Kowa ya yi dariya, ban da Garba. Ya ɗauki buhun irin ya aza a kafaɗa, ya ce, "Tashi, Inna, zanenki ya jiƙe." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Daminar nan Garba ƙwadago ya yi a gonakin mutane, irin kuma munka daka shi munka sha fura. Ɗan Hajo ya cika rumbu. Hajo ta aiko mini dami biyu na gero, da saƙon in ɗanɗana in gaya mata ko ya nuna. Na ci, don yunwa ba ta san zuciya ba. Bara Allah Ya yi mata rasuwa, kuma har yau ban samu mai zagina da daɗi irin nata ba. Bafillatanar har gobe in ta gan ni sai ta tambaya ko a ƙara mini kanwa.

Garba bai saki faƙon ba. Ya koyo dabara wurin mutanen Nijar: ya yi ta gina ƙananan ramu da rani, yana cika su da taki don su riƙe ruwa. Shekara ta ukku ya yanki dawa. Bai tambaye ni ba, ni ma ban tanka ba.

Abin da na koya da tsufana: in mai ido ya je ya gano, mai baki ta kama bakinta, ko da ita ta haife shi. Yanzu in an kawo mini ƙasa a ƙwarya, cewa nake a kai ma akuya, ta fi ni sani.

Nan zancen ya tuƙe. Wanda bai yarda ba, filin na nan hanyar Gangara, shi tai shi lasa.