Yadda Ake Binne Layi Tara a Tsohuwar Manhaja

Matso nan, kai mai ƙwaɗayin ganin sunanka cikin jerin maginan manhajar rubutun nan ta kyauta da ta shekara talatin, alhali ko bukka ba ka iya ginawa ba. Kwantar da hankalinka, rushewa ma aiki ce. Bi matakan nan, sunanka sai ya shiga, babu ko tantama. Maƙwabcina Keiran Vella na nan Hobart ya bi su, ni na koya masa.

1. Nemo gawa. Lalubo wani ɗan umarni a cikin manhajar da ba mai kiransa. Keiran ya samo nasa wata Asabar da hantsi: layi tara, an rubuta tun 1996 don matse rubutu ya dawo harafi arba'in a kowane layi, saboda wata siririyar firinta da yanzu ko a bola ba ka samunta. Ya ce wa matarsa Bronwyn ta ɗora tsiren rago a wuta, kafin ya gasu ya gama.

2. Kada ka goge. Au, har ka kai yatsa? Janye! Dattijuwa Glenys, wadda makullin manhajar ke hannunta, ta dawo masa da aikinsa daga Launceston, ta ce a gidan nan ba a kashe abu sai an yi gargaɗi a fitowa biyu. Manhajar kuwa sau ɗaya take fitowa a shekara ɗaya da rabi. Tsiren ya ƙone.

3. Rubuta gargaɗi. Gargaɗin kansa layi goma sha biyu. Sai gwajin da zai tabbatar gargaɗin na fitowa, sai bayani a littafin jagora, sai masu fassara su juya shi harsuna goma sha ɗaya. Ka zo cire layi tara, manhaja ta ƙara ƙiba da sittin. Mu masana, wannan muke kira shara.

4. Yi shela. Dole a sanar a zauren wasiƙun masu amfani da manhajar. Rago layi ɗaya zai rubuta ya wuce. Kai kuwa nuna ka yi bincike. Keiran ya zayyana abin da umarnin ke yi, ya kawo misali, ya faɗi maɓallan da ake dannawa, sannan ya rufe da cewa kowa ya gwada ya ga rashin amfaninsa da idonsa. Wallahi da ya nuna mini kafin ya aika, tafi na yi masa.

5. Karɓi 'yan gaisuwa. Za su zo, mutanen da jiya ba su san da mamacin ba. Wani daga Darwin ya ce bai taɓa amfani da shi ba, amma ransa bai kwanta a cire ba. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce Mereoni, malamar makaranta a Suva, wadda ta gwada kamar yadda aka ce, ta tarar harafi arba'in daidai yake da faɗin wayoyin ɗalibanta. Ta yi godiya, ta gaya wa sauran malamai, su ma suka gaya wa nasu. Keiran ya karanta godiyar ya ji kamar ya yi kuka. Gaskiya ma ya yi, ta katanga na jiyo shi.

6. Jure shekara uku. Masu amfani kuwa da ƙorafi suke tafe: yana tsinka dogayen sunaye, yana cinye waƙafi. Duk duniya kai kaɗai ka karanta layukan nan, don haka gyara musu su yi shiru, ai mutuwa zai yi. Haka Asabar ɗin Keiran suka bi ruwa ɗaya bayan ɗaya. Bronwyn ta daina tambaya, ta koma zuwa bakin teku da ƙanwarta.

7. Karɓi ladanka. Ranar da wa'adi ya cika, Keiran ya tuna wa Glenys cikin ladabi. Amsa ba ta yi minti goma ba.

"Keiran, abin da mutum dubu huɗu ke amfani da shi kake so in goge? Cire gargaɗin nan naka, yana damun mutane. Na sa sunanka a jeri, kai ne mai kula da shi."

Ya tambaye ta har zuwa yaushe.

"Wanda ya riƙe shi kafin kai, mutuwa ce ta sauke shi."

Ba ruwana. Duk abin da ya samu Asabar ɗinka, aurenka ko hawan jininka, tsakaninka da yatsunka ne, ni ba na ciki. In kuma ka haɗu da Keiran a kasuwa, kada ka ambaci sunana. Katanga ɗaya ke tsakaninmu, amma ta bayan layi yake zagayawa.