Karkataccen Kwabon Kaka

"Lafiya lau, sai dai ganinki. Ina gajiya, Guntuwa?"

"Gajiya yanzu ta iso, ga ta nan tsaye ta tare min haske. Matsa, Dogo, zare nake sakawa."

Guntuwa 'yar kawuna ce, abokiyar wasana, tela, tsawonta ɗaya da keken ɗinkinta. Ciwo ne ya kawo ni shagonta da hantsi. Makon jiya Kaka ta zazzage gwangwanin maɓallanta, tsofaffin kwabbai suka zubo, ta ce mu raba. Na tsince masu kyau, na ture wa Guntuwa wani da zanensa ya zame gefe guda kamar hular da iska ta buge. Shi ta kai wa mai gyaran agogo, wani tsoho da ya haukace da tara tsofaffin kuɗi. Ya duba, ya ce kuskure ne tun daga gidan buga kuɗi, kuma masu tara su na nemansa ido rufe. Tun ranar nake ramewa, har wandona ya fara zamewa.

Na ce, "Ajiyata na zo karɓa."

"Ajiya? Da ƙafa ka turo min shi, ka ce karkatacce ya dace da karkatacciya."

"Ai yabo ne, ke ce ba ki da ilimi."

"Ka ga mai ilimi! Wanda ya yi aji uku sau uku. Ka san da mai agogo ya ga kwabona tsaye ya miƙe?"

"Ƙafarsa ce ta yi sanyi. Tsohon da ido ɗaya ke masa aiki, ɗayan ya yi ritaya tun ba a haife ki ba!" Na zaro nawa guda biyu daga aljihu. "To mu yi musaya, don zumunci. Waɗannan sun fi naki kuskure. Ranar da aka buga su mutum arba'in aka kora daga aiki, injin kansa sai da ya yi kuka."

Sai ta jawo aljihun keke, ta ɗauko gilashin mai agogo da ta aro, ta maƙala a ido. Wai ita ma ta zama gwana!

"Dubi na farko," na ce. "Rubutun ya shafe. Hatimin ƙarfen da ake buga su da shi ne ya tsufa."

"Hannun mutane dai ya cinye shi. In hatimi ne ya gaji, haruffan kumbura suke yi, su ja jiki zuwa baki, amma kwabon yana nan da sheƙinsa. Naka kuwa ya siɗe kamar sabulun gidan haya."

"Baƙin ciki ne. Dubi na biyu, ki ga tsaga irin ta manya."

Ta kai na biyun bakin taga, ta juya shi. "Dogo, ƙusa ce ko almakashi?"

"Ƙusa ce, amma... wace ƙusa? Sharri za ki min?"

"In hatimi ya tsage, ƙarfen kwabo ne ke cika tsagar, sai layin ya fito tudu, ka ji shi da farce. Wannan rami ne, sabo fil, har ƙyalli yake." Sai ta ƙara matso da shi. "Tsaya. Nan kusa da inda aka rubuta shekara, me ya same shi?"

"Wani datti ne ya kwanta kamar jijiya, daga baki har tsakiya. Sabulu ya ƙi, toka ta ƙi, sai da na ari magagari wurin maƙeri. Awa biyu ina gurzarsa."

"Dattin nan, tudu ne?"

"Tudu mana, mai taurin kai irin naki."

Guntuwa ta kife a kan keke tana dariya, har kwarkwaron zare ya faɗi ya gangara waje.

"Wayyo cikina! Ai ita ce tsagar gaskiyar, ga ɗan guntunta nan da ka bari a baki. Irin wadda mai agogo ya ce shekara goma yana nema! Ka kankare ta asali, ka zana ta ƙusa!"

Ban san lokacin da na zauna a kan tarin yadin mutane ba.

"Ba a mayarwa? Garin ƙarfen yana tsakar gida, ba a yi shara ba tukuna."

"Je ka kwaso, in sa zare baƙi in ɗinke maka."

"Allah ya isa tsakanina da maƙeri."

"Maƙeri ne ya riƙe maka hannu?"

Sai dariya ta kuɓuce min. "Shi ke nan, na sallama, uwar ɗakina. Ba ni naki in riƙe ko na minti ɗaya, in ji yadda masu sa'a ke ji."

Ta kalle ni, ta kalli ƙofa, ta kalli dogayen ƙafafuna.

"Cire takalmanka ka miƙo."

Ta jefa su ƙarƙashin keke, ta ɗora ƙafa a kai, sannan ta sa min kwabon a tafin hannu.