Ankon Bikin Hadiza a Baƙi da Fari

Har gobe ba na jin zan manta abin da na yi wa Goggo Rabi, ƙanwar babana, a bikin 'yarta Hadiza a Isa. Lokacin na dawo daga karatu a Sakkwato, tsohuwar kyamara a wuya, kai kuwa ya kumbura. Wani malaminmu ya taɓa cewa hoton baƙi da fari shi ne na masu hankali, mai kala na 'yan kasuwa ne. Ni kuma na haɗiye maganar ba tauna.

Goggo ta so a kira mai hoto daga Sabon Birni. Na ce haba, ga ɗa a gida? (Ban gaya mata irin fim ɗin da na saka ba, wai ni mai ba da mamaki.) Abin da ban kawo a raina ba shi ne anko. Mata sun sha rigima kafin a daidaita: dangin amarya kore, dangin ango ja. Hadiza kuwa Maraɗi za a kai ta, hotunan nan kaɗai za su rage wa uwarta.

Da aka wanko su, na shiga gidan cike da mata, ina hura hanci. Goggo ta ɗauki na farko, ta juya shi, ta fita da shi rana. Kore da ja duk sun koma toka-toka, ba ka bambance namu da nasu. Jan lallen amarya kuwa kamar ta kwashi gawayi.

"Kai ɗana, ina kalar ta tahi?" in ji Goggo.

Na fara bayanin haske da inuwa. Wata tsohuwa ta katse ni: "Wanga ai hoton mamata na. Haka na mijina yake, Allah shi jiƙan shi."

Gida ya kwashe da dariya, ban da Goggo. Ta tattara hotunan ta miƙo mini, ta ce, "Riƙe abinka. Za ni tuna ɗiyata yadda idona ya gan ta."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Har ta rasu babu hoton bikin a bangon ɗakinta, kuma abin yana ci mini rai. Na dai koyi cewa mai son gwada gwaninta ya gwada a kan akuyar gidansu, ita ko ta fito toka-toka gobe ma tana nan. Biki kuwa ba a sake shi.